Shafin da Ba a Sa wa Hannu Ba

Shekara talatin Malam Isiyaku yana ɗinke kundin binciken ɗalibai a wani ɗan shago a Hayin Banki, kuma har Kawo an san shi da kafiya a kan abu guda. Ba ya yi wa kundi bango mai kauri da rubutun ruwan zinare sai ya ga malamai sun sa hannu a shafin amincewa. Ko ɗan wane ne kai, haka za ka kwashi takardunka ka koma.

'Yarsa Maijidda digiri na biyu take yi a kimiyyar sararin samaniya. Bincikenta a kan wasu gizagizai ne na iskar gas da ƙura, can cikin tarin taurarin da duniyarmu take ciki, inda sababbin taurari ke samuwa. Ta ce masa suna fitar da wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, wanda ido ba ya gani, sai na'ura.

"Baba, wanda na'ura ta kama bana, shekaru dubbai ke nan da ya taso," in ji ta. "Abu ya riga ya faru, sai daga baya saƙonsa ke isowa."

Dariya ya yi, ya ce ta miƙo masa zare.

Saura mako uku ta kare aikin a gaban malamai, ciwon sikila ya kwantar da ita. Ta roƙe shi ya yi wa kwafi ɗaya bango, ta ga sunanta da ruwan zinare.

"Uwata, ki tashi tukuna a sa hannu," ya ce. A ganinsa ƙarfin gwiwa yake ba ta. Ranar Laraba aka yi jana'izarta.

Shekara huɗu ke nan takardun suna cikin durowarsa. Ya kasa ɗinke su, ya kasa kawar da su. Da rana tsaka, yana cikin yanka kwali, sai roƙon nan nata ya iso masa sabo fil. Nadama ta cinye shi.

Watan jiya wata ɗaliba mai suna Aziza ta kawo kundinta, tana ta kame-kame.

"Baba, ba a sa hannu ba tukuna, amma..."

"Na gani. Zauna."

Ya jera haruffa, ya ɗora bango, ya danna injin buga ruwan zinare. Da ya ɗaga, Aziza ta leƙa, sannan ta ce a hankali, "Baba, wannan ba sunana ba ne."

Ya duba. Maijidda Isiyaku ya rubuta.