Sistem ɗin Surukin Alhaji

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da muka buɗe ɗakin wasan kwamfuta a shagon Alhaji Mudi da ke bakin Ƙofar Doka, cikin shekarar 1997. Ku yaran yanzu da kuke kirana Injiniya Ba-Sauti kuna ƙyalƙyala dariya, ko ɗaya a cikinku bai san inda sunan ya samo asali ba. To a ranar aka liƙa mini shi, kuma wallahi ba laifina ba ne. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

A lokacin na gama difloma ba da jimawa ba, ina ji da kaina, ni ne mai kula da na'urorin shagon. Aikinmu buga takardu ne da fotokwafi. Ɗalibai su kawo furojet, ma'aikata su kawo takardun neman ƙarin girma. Ni na kai wa Alhaji shawarar a gyara ɗakin baya a sa kwamfuta biyu na wasa, don na ga samarin birni suna tafiya har Sabon Gari neman inda za su buga. Ina da nawa lissafin kuma. Akwai wani Malam Haruna, mai makarantar koyon aikin sakatare a Tudun Jukun, yana neman wanda zai damƙa wa kula da kwamfutocin makarantarsa gaba ɗaya. Ya ce mini zai zo ranar buɗewa ya ga hannuna, in ya gamsu aikin nawa ne. Da wannan aikin nake mafarkin buɗe shagon kaina.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, ita ke karɓar umarni ta rarraba wa sauran kayan ciki. Mu sistem muke ce mata. A wancan zamanin guda uku ne a gabanmu. Akwai DOS, baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta umarni da hannunka. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma yawancin wasannin da ke hannunmu, na tseren mota da na ƙwallo da na harbe-harbe, dominsa aka ƙera su. Akwai Windows 95 mai hotuna da maus, ɗan abin nan da ake ja da hannu a danna, shi ma DOS na nan a ƙarƙashinsa, in ka so ka koma. Sai kuma NT, na bankuna da manyan ofisoshi. Wannan ƙarfi gare shi, ba ya yawan tsayawa, amma halinsa irin na tsohon mai gadi ne, ba ya barin wata manhaja ta taɓa katin sauti kai tsaye. Su kuwa wasannin DOS da haka suke rayuwa. Na zaunar da Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, in don wasa ne, DOS za a sa, a ɗora Windows 95 a kai." Ya ce to, ya ji.

Ashe bai ji ba, ko kuma ya ji, kunya ta cinye saƙon a hanya.

Alhaji yana da suruki, Dakta Bashir, mijin 'yarsa ta fari, malamin jami'a ne mai gida a Tukur-Tukur. A lokacin yana ƙasar waje wajen wani kwas, ya kusa dawowa, shi aka aika wa ya taho da kwamfutocin. Kun san yadda surukuta take a cikin birni. Alhaji ba ya kiran sunan 'yar ma, balle ya zauna da mijinta su yi ciniki. Saƙo daga bakinsa zuwa matarsa Hajiya, daga Hajiya zuwa 'yar, daga 'yar zuwa Dakta. Kuma dattijon da ke jan sallah in liman ba ya nan, ta yaya zai aika wa surukinsa cewa kayan wasa yake so? Sai ya ce a gaya wa Dakta na aikin ofis ne, a sa musu sistem mafi inganci. Duk wannan sai daga baya na sani.

An kawo kwamfutocin a kwalayensu da safiyar buɗewa, don Alhaji ya hana a taɓa su sai an yi addu'a. Aka tara maƙwabta, aka raba goro da dabino. Malam Haruna yana zaune a gaba. Dakta kuwa yana durƙushe can bakin ƙofa, ya cire takalmi, kansa a ƙasa. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wannan aikin hannun Dakta ne tun daga can. Shi ya zaɓa, shi ya sa abin da ke ciki. Allah ya yi masa albarka. Kada wanda ya canja mini ko ɗigo a ciki." Aka ce amin. A daidai nan Dakta ya ɗan ɗaga ido, ya hango allon da na rubuta da fenti, Ɗakin Wasan Kwamfuta. Na ga fuskarsa ta sauya, sai ya sake sunkuyar da kai.

Na jona wuta, na danna. Da allo ya haska sai na ga NT ne. Na yi ta maza na sa wasan tseren mota. Motocin suka fito suna jan jiki kamar a cikin taɓo, kuma shiru, ko tari injin bai yi ba. Na sa na ƙwallo, allo ya yi baƙi ƙirin ya ƙi dawowa. Na duba waya, na duba lasifika. Can wani saurayi daga baya ya ce, "Injiniya, ba sauti!" Sauran suka ɗauka kamar amshi. Malam Haruna ya gyara hularsa kawai ya yi sallama.

Da jama'a suka watse na sami Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, injinan lafiyarsu ƙalau, sistem ɗin ne ba na wasa ba. Ka ba ni izini in sauke shi in sa wanda na faɗa maka, kafin la'asar ka ji ƙarar mota har bakin titi."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Isiyaku, kana da hankali kuwa? Abin da na sa wa albarka gaban mutane shi za ka goge? In ya zo gaida ni ya ga an cire, in ce masa me? Ka je ka koyi abin, ai don haka ka yi karatu."

Kai! Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na hau babur sai Tukur-Tukur. Dakta ya karɓe ni da mutunci, har da lemo. Ban gama bayani ba ya ɗaga hannu.

"Na sani, Injiniya. Tun da na ga allon nan na sani. An ce mini ofis, na sa na ofis. Da an ce wasa, ko kusa ba zan sa NT ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi! To sai ka gaya wa Alhaji a cire."

Ya yi wata 'yar dariya ta rashin mafita. "Ni in gaya wa Baba? In ce saƙonsa ne bai fito daidai ba? Ko in ce na gane kayan wasa yake so? Haba Injiniya. Ai ko a mafarki ba zan iya ba."

To ku ji fa. Mai shago ya san ba ya yi. Wanda ya sa ya san ba ya yi. Ni ma na sani. Mutum uku mun haɗu a kan gaskiya ɗaya, amma ba mai iya faɗa, sai ni da ba a yarda in faɗa ba. Makonni suka yi ta wucewa ɗakin yana nan fayau, sai ƙuda. In na wuce majalisa a ce, "Ba-Sauti, an samu kuwa?" Mai shayin bakin ƙofa ma da bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba sai da ya ba ni shawarar in duba batir. Wata tsohuwar kwastoma ta kawo takarda, ta ce in bari abokin aikina ya buga, kada in lalata mata. Raina ya ɓaci ƙwarai a kwanakin nan, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Abin ya zo ƙarshe wata Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci aka zauna a zauren Alhaji kamar yadda aka saba. Dakta ya zo gaisuwa, yana can gefe a bakin tabarma. Malam Haruna ma ya biyo. Shi mutum ne mai magana ɗaya, ba ya kwana-kwana. Bayan gaishe-gaishe ya juyo gare ni ya ce, "Malam Isiyaku, ina so in yanke shawara a kan aikin makarantata. Ka gaya mini tsakani da Allah, abin nan da ya faru laifin abin da aka sa a injin ne, ko kai ne ba ka iya ba?"

Na dubi Alhaji, ya duƙufa a kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Na dubi Dakta, ya ƙura wa tabarma ido. Amsar tana bakina, ba ta kai kalma biyar ba, kuma da na faɗe ta aikin ya zama nawa. Amma da na faɗa, sai a tambayi wa ya sa, sai a tambayi wa ya aika, sai dattijon da ya ɗauke ni aiki tun ban san komai ba ya zama abin labari a majalisa, shi da mijin 'yarsa su kasa haɗa ido har abada. Na ce, "Malam, sistem ɗin babba ne. Ni ne ban gama koyonsa ba."

Malam Haruna ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da gaskiyarka." Sati na zagayowa ya ba wani daga Kaduna aikin.

Da na fito daga zauren ranar Juma'ar nan ina tada babur cike da haushi, sai ga Dakta a bayana. Ya waiga ya tabbata ba kowa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Injiniya, ban canja tsarin hadis ɗin ba fa. Yadda DOS ke karantawa na bar shi." Hadis ɗin da yake nufi shi ne faifan ajiya na cikin injin. Ya juya ya tafi abinsa.

Na tsaya baki buɗe. Wato in na sa DOS a disket, wannan ƙaramin faifan da ake turawa ta gaba, na tada injin daga kansa, zai ga wasannin a ciki ya buɗe su, ba tare da an taɓa NT ba. In an zare disket, NT ya dawo daram. Haushin ya hana ni tunanin wannan tun farko, shi kuma kunya ta hana shi faɗa sai da aikin ya kuɓuce mini. Na ce a raina, Dakta, Allah ya saka, amma da ka buɗe bakin nan tun ranar lemo!

Washegari na haɗa disket biyu, na sa musu abin da ke tada sauti da maus. Na danna, sai ga ƙarar mota ta cika shagon har mai shayi ya leƙo. Kafin azahar samari sun yi layi. Alhaji ya fito bakin shago yana gaya wa duk mai wucewa, "Ai na faɗa muku aikin Dakta ba ya ƙarya. Isiyaku ne ya gama koyo."

Na ci gaba da aikina. Da yamma Alhaji ya shigo ɗakin, ya tsaya yana kallon disket ɗin da ke leƙowa daga bakin injin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, "In ka ji motarsa, ka zare abin nan."

Shi kuma Dakta, daga ranar, duk lokacin da zai zo gaisuwa, tun daga ƙofar ganuwa yake fara danna hon, ya rage gudu kamar mai ɗauke da ƙwai, don in sami lokacin zare disket ɗin da shi ya nuna mini hanyarsa. Sai in kori 'yan wasa, in sake tada injinan. Ya shigo ya ga NT, ya ce masha Allah. Alhaji ya ce, ai aikinka ne. Ni ina tsaye a gefe da disket biyu a aljihu, samari a waje suna zagina don na katse musu wasa ana tsakiyar cin ƙwallo. Haka muka yi ta yi har injinan suka tsufa.

Shi ya sa in kuka zo kuna gardama a gabana, wannan ya ce sistem kaza ya fi don wasa, wancan ya ce a'a kaza ne, nake ƙyale ku kawai. Amsar wannan mai sauƙi ce, wanda aka ƙera wasan dominsa shi ya fi, ba mafi tsada ko mafi suna ba. Abin da ba a koya mana a makaranta ba shi ne, kafin ka goge komai a injin mutum, ka tambayi wa ya sa shi, kuma mene ne tsakaninsu. Sannan ka sani, in manya biyu suka rasa inda za su ajiye kunyarsu, kan mai gyara suke ɗorawa.

Alhaji da Dakta sun zauna da mutuncin juna cif har Allah ya ɗauki ran Alhaji, ba wanda ya taɓa tada maganar. Ni kuwa shagon kaina sai bayan shekaru na samu. Jiya ma jikar Malam Haruna ta kawo kwamfutarta gyara, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, nan ne shagon Ba-Sauti?"

Na ce mata nan ne, shigo.