Kwamfutar da Yaya Ya Kulle a Akwati

Abubuwa da yawa na zaman takabata sun riga sun fice mini, har da waɗanda suka zo gaisuwa da waɗanda suka ƙi zuwa. Amma ranar da na sa aka ɗauko akwatin ƙarfe daga ɗakin wan mijina aka dire shi a tsakar gidana, wannan kam ba zan manta da ita ba sai ranar da aka kai ni inda aka kai maigidana.

Maganin dabbobi muke sayarwa, ni da marigayi. Babban shagon yana nan Azare, akwai ƙanana a Jama'are da Bulkachuwa. Ni sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ban tsaya a nan ba, na ci gaba har na iya karanta Turancin jikin kwalba. Daga nan ne maigida ya daina ce mini in bar masa harkar shago.

Wata damina wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar shagon, duk abin da ke ciki ya tafi. Shi ne marigayi ya yi rantsuwa ba zai sake ajiye aikinsa a abin da wuta za ta iya ci ba. Ya kama hayar kwamfuta. Wani kamfani ne yake da manyan injuna a wata ƙasa, sai ya ware maka gefe ya zama kwamfutarka cikakkiya, kana shiga ta intanet daga duk inda kake, kana biyan haya duk wata. Masu sana'ar suna cewa wai tana cikin gajimare. Ni dai na san ba a sama take ba, a ɗakin wasu take. A cikinta shagunan uku suke aiki: maganin da ya rage, wanda ya kusa lalacewa, garken da aka yi wa rigakafi da lokacin da za a koma masa. Ta kan teburin shago ba komai ba ce illa ƙofar shiga.

Da aka yi sadakar uku, Yaya Alhaji, wato wan mijina, ya yi abin da kowane babban wa yake yi a wajenmu. Ya rufe babban shago, ya kwashe kwamfutar tebur da wayar marigayi da agogonsa, ya naɗe a zani ya kulle a akwati. Ya je banki ya sanar da rasuwa aka rufe asusu. Ya ce ba mai taɓa ko allura sai an yi rabon gado. Ƙananan shagunan ya bar su a buɗe don kada magani ya lalace. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba cin dukiya ya yi niyya ba. Mutum ne mai tsoron haƙƙin marayu har abin ya yi masa yawa.

Ina cikin takaba, wata safiya na buɗe saƙonnin shago a wayata, sai ga takarda daga kamfanin. Na karanta, na sake karantawa da yatsa a kan layi kamar yadda aka koya mana a aji. Sun nemi kuɗin haya a katin marigayi ba su samu ba. In ba a gyara ba kafin Juma'a za su kashe kwamfutar, daga baya su share ta da duk abin da ke cikinta. Kuɗin ba shi ne damuwata ba, ina da katina. Kalmar sirri ma na sani. Amma in ka sa ta, sai kamfanin ya turo wata lamba zuwa wayar mai asusun kafin ya buɗe maka. Wayar kuwa tana cikin akwatin Yaya.

Na kira shi na yi masa bayani. Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kwamfuta tana ƙarƙashin gadona, makulli yana aljihuna. Wane kamfani ne zai shigo ɗakina ya share ta?"

Na ce, "Yaya, abin da ke ƙarƙashin gadonka ƙofa ce kawai."

Ya ce baƙin ciki ne yake sa ni surutu, in yi ta salati. Ya kashe waya.

Da ba a takaba nake ba, da ya gan ni a ƙofar gidansa kafin ya mayar da wayar aljihu. Amma ba ni da ikon fita. Sai na aika wa malamin da zai raba mana gadon, dattijo ne ɗan asalin Borno da ya daɗe a unguwarmu. Na ce a faɗa masa matar marigayi tana da ƙara, kuma in dukiyar marayu ta salwanta bayan ya ji, to ni na fita. Na san maganar da za ta tayar da shi ke nan.

Washegari da hantsi suka zo, Malam da Yaya. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ni ina daga bakin ƙofar ɗaki bayan labule. Yaya ya zauna da akwatinsa a gaba, fuskar nan a murtuke, ya ce ga shi nan, kowa ya ga kwaɗo bai motsa ba.

Na ce ya buɗe ya taɓa kwamfutar. Ya taɓa. Na ce, "A kunne take?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ko waya ba a jona mata ba."

Sai na kira matar da ke riƙe mana shagon Jama'are, Kirista ce daga kudancin Bauchi, ta daɗe tare da mu. Na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Na ce mata me take yi yanzu.

Ta ce, "Mama, ga ni a cikin kwamfuta. Wani Bafulatani ne ya sayi maganin tsutsa, ina cirewa daga kaya."

Yaya ya matso da bakinsa kusa da labule ya ɗaga murya: "Ke, wace kwamfutar?"

Ta ce, "Ta Oga mana, Alhaji. Ai ita kaɗai gare mu. Tun ranar rasuwa ban fasa shiga ba, na Bulkachuwa ma yana ciki yanzu haka, ga sunansa ina gani."

Yaya ya dubi akwatin, ya dubi Malam. Can ya ce to ya ji, amma duk da haka wayar mamaci ce, kuma ya yi alkawari ba za a taɓa kayan ƙaninsa ba sai an raba. Na ji tausayinsa, amma Juma'a ba ta san tausayi ba.

Na ce, "Yaya, shanun marigayi da ke wajen makiyayi a Udubo, wa yake aika musu dusa da kanwa tun da aka yi rasuwa?"

Ya ce, "Ni mana."

Na ce, "An raba su ne?"

Ya ce, "Haba Hajiya, sai in bar su su mutu don ba a raba ba?"

Na ce, "To ga wata saniyar can ka ɗaure mata baki, ka sa makulli a aljihu, kana jiran rabo."

Malam ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya: injin ɗin na marigayi ne ko na kamfani? Na ce na kamfani ne, aikin da ke ciki ne namu. Ya ce ashe kamar shagon haya ne, ginin na mai gida, kayan ciki na magada, kuma wanda ya bari mai gida ya watsar da kayan marayu waje bai tsare amana ba. Ya ce a kunna wayar a gabansa, shi ne shaida.

Yaya ya warware zanin da hannunsa. Waya ta ƙi kamawa, caji ya ƙare tuntuni, kuma babu wuta a unguwa. Shi da kansa ya tashi ya kai ta motarsa ya jona, ya tsaya a kanta cikin rana kamar mai gadi. Da ta kawo, hoton marigayi da yaran ne ya fara fitowa a fuskarta. Ya miƙo mini ta ƙarƙashin labule bai kalla ba. Na sa kalmar sirri a tawa wayar, lamba ta shigo ta marigayi, na shiga. Na cire katin marigayi na sa nawa, na mayar da lambar wayar ta zama tawa, na ƙara sunan babbar 'yata a masu iko da asusun. Malam ya ce in karanta masa abin da kamfanin ya rubuto. Na karanta, na fassara masa: an karɓa, kwamfuta za ta ci gaba da aiki. Na mayar wa Yaya wayar, ya naɗe ta ya kulle, ta zauna a nan har ranar rabo.

Yau shekaru ke nan. Shagunan suna nan, mun ma ƙara ɗaya. Yaya ya tsufa, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Amma duk farkon wata sai wayata ta yi ƙara, in na ɗauka ko gaisuwa ba ya gamawa sai ya ce, "Hajiya, an ba saniyar nan dusa kuwa?"

Abin da na koya shi ne, kamfanin da ke wata ƙasa bai san takaba ba, bai san rabon gado ba, ranar hayarsa kawai ya sani. Duk wanda sana'arsa ke zaune a kwamfutar haya, kada ya bar hanyar shiga a wayar mutum ɗaya, domin mutum ɗaya mutuwa yake yi. Ka nuna wa matarka, ka nuna wa ɗanka, tun kana da bakin nunawa. Kuma ba kowace amana ake tsarewa da kwaɗo ba. Wata in ka kulle ta, kai ne ka kashe ta.