Kunyar Ɗan Fari Ta Cinye Saƙon Likita

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni malamin firamare ne a Bakura, ina da mata da ’ya’ya, ina kuma ɗaukar kaina wayayye, tunda a gidanmu ni kaɗai na yi boko mai ɗan nisa. Amma a gaban mahaifina duk wannan wayewa ba ta aiki, domin ni ɗan fari ne. Gidanmu a Talata Mafara yake. Asalinmu Fulani ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, sai dai ba su ajiye kunya ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In zai aike ni, ƙanena yake gaya wa ya gaya mini, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Ba ma cin abinci tare, ba ma zama tabarma ɗaya, kuma da wannan nake bugun ƙirji ina cewa tarbiyya ce.

Baba manomin shinkafa ne a filayen noman rani na Bakolori, mutum mai ƙarfi da ci. Ciwon ya fara da tuwo yana tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga tuwo ya koma fura, daga fura ya koma kunu, har kunun ma ya fara dawowa. An sha jiƙe-jiƙe har aka gaji, sannan muka kai shi wani babban asibiti, inda aka zura masa na’ura aka ce ciwon daji ne a hanyar da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki. Aka yi masa aiki, aka yanke wurin da ya lalace, aka jawo tumbin sama aka haɗe. Ƙanena ne ya yi jinya a bakin gado. Ni kuwa ina baranda ina sayo magani, ina leƙe ta taga kamar baƙo.

Da muka koma a duba ɗinki, likita ya tambayi wane ne babba a cikinmu, ya kira ni ofis ni kaɗai, domin mu muka roƙe shi tun farko kada ya riƙa tsorata tsoho. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce lokacin aiki sun ciro ’yan ƙwayoyin kaluluwa da ke kewaye da wurin, aka auna su, aka tarar ciwon ya riga ya shiga wasu daga cikinsu. Ya ce wanda aka tarar kaluluwarsa fes ya fi samun tsawon kwana bayan irin wannan aiki, wanda kuwa tasa ta kamu, to ciwon ya san hanyar fita, kuma yawan ƙwayoyin da suka kamu, yawan haɗarin dawowarsa. Ya ce da zarar Baba ya ɗan murmure a dawo da shi a fara maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa. Bai yi mini alkawarin warkewa ba, ya dai ce akwai damar ƙara masa lokaci, kuma damar ba ta jira. Ya ce gara mai ciwon ya ji da kunnensa. Na ce ya bar mini, ni zan gaya masa a gida. Wallahi har yau in na tuna yadda na faɗi haka da ƙwarin gwiwa, haushin kaina nake ji.

To ta ina ɗan fari zai fara? Na yi abin da aka saba, na hau babur na tafi Maradun wurin baffana, ƙanen Baba, wanda ke fataucin shanu, na zayyana masa komai don ya isar. Baffa ya saurara yana taunar goro, sannan ya yi dariya ya ce boko ta lalata ni. Wai kaluluwa kuma har abin tashin hankali ce, alhali ko yaro ya yi tuntuɓe sai ta fito masa a cinya ta baje da kanta. Wai mutumin da aka tsaga aka ɗinke ya tashi yana haɗiyar tuwo, me kuma ake nema wurin Allah? Ya ƙara da cewa irin wannan magana ita ke kashe majinyaci kafin ciwo ya kashe shi, amma in kwantar da hankalina, zai san yadda zai yi.

Yadda ya yi shi ne, shi ma ya ji nauyin yayansa, sai ya gaya wa innata, wato mahaifiyata, ta isar. Ita kuma ba ta iya zuwa ta tambaye ni ƙarin bayani, tunda kunyata take ji fiye da Baba. Saƙon da ya fito daga ofishin likita da nauyinsa, yana isa kunnen Baba ya zama wai likita na gaisuwa, ya ce a riƙa leƙowa in an samu sarari. Manomi kuma yaushe ya taɓa samun sarari? Aka yanka rago aka yi sadakar godiya. ’Yan dubiya suka yi ta tururuwa daga Jangebe, daga Damri, har da dangin da suka ratso hanyar Gidan Goga duk da ɓarayin daji, kowa ya shigo sai ya ce ai lahiya lau, jiki ya yi kyau, likitoci dai ba su son a rabu da su. Ina zaune a gefe ina amsa amin.

Ba wai ban gwada ba. Na sha zuwa in durƙusa a zaure da niyyar yau sai na faɗa. Sai a fara gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, ina ruwa, a koma a sake ɗauko ta daga farko. Kafin in tattaro numfashi, Baba ya ce to madalla, ya juya ya kunna rediyonsa, alamar an sallame ni ke nan. In tashi in kaɗe wando in koma Bakura, in kwana ina yi wa matata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ita ce ma ta gaya mini gaskiya, cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, in ba zan iya ba in bar ƙanena ya faɗa. Na ce ai wannan raini ne ga Baffa, tunda an riga an ba babba magana. Kun ji irin hujjar da mutum mai ilmi yake kafawa.

Baba ya koma gona, ya dasa shinkafa fiye da ta bara, don ya nuna wa mutane ya warke. Ana cikin haka wani ƙulli ya fito masa a gindin wuya, mai tauri, ba ya zafi. Baffa ya zo ya latsa ya ce ga kaluluwar da ake ta surutu a kai, a gasa da tsumma mai ɗumi a shafa man shanu. Aka gasa, aka shafa, har wanzami ya zo ya yi ƙaho, ƙulli kuwa sai girma yake. Da murya ta fara dishewa, tari ya hana shi sukuni, sai Baba da kansa ya ce a kai shi asibiti.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan nan bai sake kiran kowa gefe ba. Ya dubi Baba ya tambaye shi me ya hana shi dawowa a fara magani, alhali an sanar da iyalinsa tun tuni cewa ciwon ya shiga kaluluwa. Bayan an yi hoto aka ce abin ya bazu har hanta, yanzu sai dai a rage masa wahala. Na tambayi likita ko da mun zo da wuri da ya rayu. Ya ce wannan sanin Allah ne, amma da an samu abin gwadawa.

A tasha, muna jiran mota ta cika, Baba ya kira sunana. Sai da na waiga in ga ko wani ake kira. Ya tambaye ni ko da kunnena na ji maganar likita tun wancan lokaci, na ce e. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Ya ce wataƙila da ya ji da ya karɓi maganin, wataƙila kuma da ya ƙi ya zauna ya shirya gidansa, amma ko wanne ne, rai nasa ne, ba nawa ba, ba na ƙanensa ba. Duk tsawon rayuwata ina son in ji yadda sunana zai fito daga bakinsa, ga shi na ji. Ya rasu kafin a yanke shinkafar da ya dasa.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, kuma na san kwana in ya ƙare ba likitan da zai ƙara shi. Amma abin da na koya shi ne, maganar ciwo ba a ba da ita saƙo, domin duk hannun da ta bi sai ya rage mata nauyi don tausayi. Wanda aka yi wa wani nasa aikin ciwon daji, kada ganin yana ci yana sha ya ruɗe shi. Ya tambayi abin da aka gani a kaluluwa, ya koma ranar da aka ce ya koma, ya kuma bar mai jikin ya ji da kunnensa. Ni dai yanzu ɗana na fari da sunansa nake kiransa, a gaban kowa. Baffa ya ce na zubar da mutuncin gida, na ce masa na ji.