Ciwon da Na Ɓoye wa Likitan Ƙuba

Assalamu alaikum, Edita. Daga Madina nake rubuto maka. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, amma na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda suka taɓa sa kaki kamar ni, su ne nake so su ji abin da ya same ni.

Ni tsohon soja ne. Na bar aiki ina saje, ba don shekaruna sun cika ba, sai don motar da muke ciki ta taka nakiya a wani daji da ba sai na ambace shi ba. Allah ya yi da sauran kwanana. Na fita da raina, amma gadon bayana ya taɓu, ƙafar hagu takan mutu mini ba sanarwa, kunnen hagu kuma tun daga ranar yake ƙara kamar gyare ya shige ciki. Da na gama jinya, kwamitin likitocin soja ya zauna a kaina, suka auna raunin, suka sa ni a wani mataki na nakasa. A kan wannan matakin ake ba ni alawus bayan fansho, da shi ake sayen maganin mahaifiyata, da shi kuma babbar 'yata take karatun aikin jinya. Tun ranar sallama an gaya mana matakin bai hana mutum neman na kansa ba, sai dai lokaci-lokaci za a riƙa kiranmu a sake dubawa. A wancan lokacin ni mutum ne da ya tsani a tausaya masa. Duk wanda ya wuce ƙofar gidanmu sai ya ce mini sannu, har na ji sannun ta fi ciwon zafi. Saboda haka da wani ɗan uwa ya samo mini aiki a wani shagon dabino a unguwar Ƙuba, nan Madina, ban tsaya dogon tunani ba.

An ce mini gadi ne, gadin ne kuwa, amma idan maziyarta suka cika gari babu wanda yake zama. Mota za ta tsaya da kwalaye, kowa ya sa hannu. Ni ma na sa. Ban gaya wa mai shagon, wanda shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a wurin hukumar ƙasar, cewa ina da rauni ba. Igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take, kuma na ga yadda ake sallamar mutum idan aka ce jikinsa ba zai iya ba. Ina ɗaukar kwalin dabinon ajwa ina murmushi, idan na koma ɗakinmu a unguwar As-Sih sai na kwanta a kan tayil don katifa ba ta karɓata.

Da ciwon ya fi ƙarfina, na ɗauki katin inshorar da shago ya yi mana na je wani asibitin kuɗi kusa da wurin aiki. Wanda ya saba da layin asibitin bariki, in ya shiga irin wannan wuri sai ya raina ciwonsa. Ga sanyi, ga ƙamshi, kafin ka zauna an kira ka. Likitan Balarabe ne, mai fara'a, yana kirana ya Hajji. A nan na yi abin da ya kusa rusa ni. Kafin in bar ɗaki nakan haɗiye ƙwayar kashe zafi don kada a ga ina ɗingishi. In ya tambaye ni jiki, sai in ce alhamdu lillahi, ahsan, wato da sauƙi, kamar yadda aka koya mana tun muna yara. Ya ga tabon da ke bayana ya tambaya, na ce tsohon abu ne, khalas, ya wuce. Ya tambaya ko ina iya ɗaukar kaya, na ce ma fi mushkila, wato ba matsala. Maganar kunne ko sau ɗaya ban tayar ba, sai dai in juya masa na dama. Ban taɓa gaya masa ni soja ne ba. Tsoron igama yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Kullum ina ganin tsofaffi ana tura su a keke zuwa Masallacin Annabi suna hamdala, sai in ga ni da nake tafiya da ƙafata a wannan gari, wane bakin ƙorafi gare ni. Likita ya riƙa yi mini allura yana ba ni magani, ni kuma ina komawa kan kwalaye.

Ana nan sai matata ta kira daga gida ta ce lokacin tantancewa ya zo, kuma an ce waɗanda suke ƙasar waje su aiko da rahoton likitan da yake duba su. Har daɗi na ji. Na je asibitin, aka buga mini rahoto mai tambari, na ga takarda fes, ban nemi wanda zai karanta mini ba, na aika. A raina ina cewa wannan ai ta fi ta asibitin gwamnati kwarjini.

Bayan wasu watanni ta sake kira. Ina tsaye a bayan shago, an idar da azahar. Tun daga sallamarta na san ba lafiya. Ta ce ta je ofishin fansho don alawus bai shigo ba, wani ma'aikaci ya ji tausayinta ya yi mata bayani. An dakatar da shi, kuma fayil ɗina yana cikin waɗanda za a sauke wa mataki. Rahoton da na aika da hannuna ya ce majinyacin ya samu sauƙi, ba shi da wani ƙorafi, yana ɗaukar kaya ba matsala, ɗan ciwon bayan da yake ji kuwa gajiyar aiki ce. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muni, don ya raba ciwon da aikin soja gaba ɗaya. Sannan ta ce, "Baban yara, ashe ka warke, ni ce ban sani ba?" Matar da ta yi shekara tana sa mini safa don ba na iya sunkuyawa. Na zauna a kan wani kwali, na daɗe ban tashi ba.

A ɗakinmu akwai wani dattijo Bahaushen Chadi, direban bas ne da yake zuwa Yanbu, ya fi shekara talatin a ƙasar nan, Baba muke ce masa. Shi na fara gaya wa. Ban ɓoye masa abin da ya fara zuwa raina ba, wato in je in roƙi likita ya canza rahoton, in ya ƙi kuma in nemi masu haɗa takarda, don ba a rasa su. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce ƙarya ɗaya ce ta kawo ni nan, in na ɗora ta biyu a kanta ba alawus kaɗai zan rasa ba, har fanshon da mutuncin. Ya ce ranar da ba shi da tafiya zai raka ni, shi zai yi mini tafinta, amma da sharaɗin ba zan sha ƙwayar nan ba kafin mu fita. Na sa matata ta ɗauki hoton tsofaffin takardun kwamitin soja ta turo mini a waya.

Ranar da muka je, daga bakin titi zuwa ƙofar asibiti sai da na tsaya na dafa bango. Da likita ya ce in hau gado, na kasa ɗaga ƙafar, Baba ne ya tallafe ni. Likitan ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na faɗa masa komai, Baba yana juyawa da Larabci, tun daga nakiyar har zuwa ƙwayar da nake sha kafin in zo. Fara'arsa ta ɗauke. Ya ce ya yi watanni yana yi wa gajiya magani alhali ƙashin baya ne ya lalace, kuma da bakinsa ya ce mini in ci gaba da aiki, da ƙafar ta shanye a wuyan wa zai rataya. Na roƙe shi ya gyara tsohon rahoton. Ya girgiza kai ya ce, "Abin da ka gaya mini na rubuta, ba zan goge shi ba. Amma yau zan duba ka da gaske."

Ya tura ni aka sa ni a na'urar ɗaukar hoton baya, aka gwada jijiyar ƙafa, aka gwada kunne. Inshora ta ɗauki wasu, wasu kuwa sai da 'yan ɗakinmu suka taimaka. Sakamakon ya nuna raunin tsoho ne, ya dace da abin da likitocin soja suka rubuta tun farko, kuma ɗaukar kaya ya ƙara masa. Likita ya rubuta sabon rahoto, wannan karon Baba ya karanta mini shi layi-layi kafin mu tashi. A ciki akwai inda ya ce majinyacin ya ɓoye alamun ciwonsa a zuwan da ya yi a baya. Kunya ta rufe ni, na ce a cire wannan. Ya ƙi. Na fito ina jin haushinsa.

Saura kafili, don likita ya hana ni ɗaukar ko da kwali ɗaya. Na kwana biyu ina juya maganar kafin na same shi a ofishinsa. Dattijo ne ɗan Madina, kakarsa Bahausa ce, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya yi faɗa sosai, ya ce da wani abu ya same ni a shagonsa shi hukuma za ta kama. Sannan ya sassauta murya ya ce dama ya lura a zaune nake nafila, ya ɗauka ko gwiwa ce. Bai kore ni ba. Ya mai da ni kan sikeli, ina auna dabino a zaune. Albashi ya ɗan ragu tunda babu kuɗin lodi, ban kuwa yi musu ba. Ya kuma ba ni hutu in je gida, domin na rubuta wa ofishin fansho ƙorafi, an ce in bayyana da kaina.

A gida na tarar da mahaifiyata ta koma shan rabin ƙwaya don maganin ya kai ta, 'yata kuma ta fara maganar ajiye karatu. Ba wanda ya yi mini gori, wannan ya fi gorin ciwo. Ranar zama na shiga gaban likitoci, wata hafsa ce take shugabanta. Ta ajiye rahotannin biyu a gabanta ta tambaye ni wanne ne gaskiya, tunda likita ɗaya ya rubuta su. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta sa yatsa a kan layin nan da na so a cire, ta ce ba don shi ba da ta ɗauka sayen rahoto na biyun na yi. Suka duba ni da kansu, suka gwada ƙafar da kunnen, suka ce in tafi za a sanar da ni. Na dawo Madina ban san matsayina ba.

Makonni suka shuɗe. Wata rana na fito daga Masallacin Ƙuba bayan la'asar ina neman takalmina, sai saƙon murya ya shigo daga matata. Tana magana tana dariya, ina jin muryar mahaifiyata a bayanta tana sa albarka. An bar ni a matakina, an kuma saki abin da aka riƙe. Na koma cikin masallaci na zauna, hawaye suna zuba, ban damu da wanda yake kallo ba. Da yamma na sayi lemo na kai wa likitan nan, na ba shi haƙuri.

Yanzu ina zuwa gashin baya a asibitin, kuma ƙafar ta ɗan saki. Ba na ƙin asibitin kuɗi, sun yi mini aikin da da ina gida sai na yi watanni ina jira. Laifin ba nasu ba ne. Abin da ban sani ba shi ne duk kalmar da ka faɗa a ɗakin likita rubuta ta ake yi, wata rana kuma wanda bai taɓa ganin fuskarka ba zai karanta ta ya yanke hukunci a kanka da iyalinka. 'Yan uwana tsofaffin sojoji, na gida da na waje, duk likitan da za ku gani ku fara gaya masa inda kuka samo raunin, ku nuna masa takardunku na farko. Ku faɗi yadda ciwon yake a ranar da ya fi tsanani, kada ku ƙara, kada ku rage. In harshen bai ishe ku ba ku tafi da tafinta, kuma kada takarda ta bar hannunku sai an karanta muku ita. Hamdala tsakaninka da Ubangijinka ce, ba ta hana ka faɗin inda yake maka ciwo. Likita ba surukinka ba ne, kada ka ji kunyarsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka fita tare ba su dawo ba.