Hitar da Aka Aiko daga Cikago

Rabin awa ke nan ina tsaye a shagon Milutin mai gyaran kayan wuta, rungume da rikodar marigayiya kakata, tsohon da ke gabana ya ƙi gusawa. Dogo ne, da hular maharba, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ya ɗora wani ɗan faifan ƙarfe mai waya a kan kanta: hitar da ke tausasa kakin da yake shafa wa harsasan da yake zubawa da hannunsa.

"Filogi kawai za ka canja mata, ɗana."

"Baba, sau nawa zan faɗa? Wutar Amurka ɗari da goma ce, tamu ta Sabiya ɗari biyu da talatin. Kana jonawa za ta soye kamar tsiran alade. Bari in farke ta in sa mata kayanmu."

"A farke naka cikin! Ƙanena Vukota ne ya aiko ta daga Cikago."

"To, sayi taransifoma."

"Wannan akwatin mai gurnani?"

Ƙafafuna sun gaji, ina ta tsaki a zuci. Amma ina jin Vukotan nan ya rasu, ganin yadda tsohon ke share ƙurar da babu a jikin ƙarfen.

Yana naɗe hitar cikin tawul yana ƙunƙuni: "Zan koma tausasa kakin da abin busar da gashin matata. Ta yi ta faɗanta."

Milutin ya karɓi rikodata, ya girgiza, wani abu ya yi ƙara a ciki. "Ƙanwata, ita ma sai an farke ta."

Na fizge abata. "Filogi kawai za ka canja mata."