Rijiyar Tungar Murfi

A gidanmu na Ƙofar Taramniya, da an idar da magariba sai mu kewaye murhu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta miƙe ƙafa tana gasa mana gyaɗa, Innarmu kuwa tana gefe tana hura wutar. Kaka ta iya labari, har mukan manta da gyaɗar ta ƙone.

Wanda ta fi so shi ne na Tungar Murfi. Wai a shekarar fari mutanen ƙauyen suka rufe rijiyarsu. Wata matafiya ta zo da goyo tana roƙon ruwa, suka hana ta, jaririn ya mutu a bakin rijiyar. Daga ranar ruwan ya ƙafe, suka watse, kuma duk gidan da 'yarsu ta shiga albarka ta fita.

"Wanga ba tatsuniya ba ce," in ji Kaka. "Ku tambayi uwarku, can anka haihe ta."

Mu yi ta dariya. Inna ba ta ɗago kai. Wata rana ta miƙo mini ruwa na ture kwanon, na ce ba na shan ruwan 'yan Murfi. Kaka ta ƙara mini gyaɗa.

Bara, Kaka ta daɗe da rasuwa, na zauna na rubuta tarihin ƙauyen a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki. Har ina alfahari. Ashe akwai na'urar da ke karanta maƙaloli tana tsamo na bogi. Kafin in gama shan shayi ta yi wa tawa alama, wai babu garin a taswira ko a wani littafi, kuma zubin labarin na ƙage ne. Masu gyara suka goge ta.

Raina ya ɓaci, na tafi wurin Inna neman hujja. Na tarar tana tsince shinkafa.

"Babu wani gari hakanan," ta ce. "A unguwar Gawon Nama, nan cikin gari, anka haihe ni. Shekarar da anka kawo ni gidanga Kakarku ta ƙirƙiro shi."

"Inna, mi ya hana ki faɗa muna?"

"Na hwaɗi. Kai da bakinka ka ce Kaka ba ta ƙarya."

Kunya ta kama ni har na kasa kallonta. Na'urar da ba ta taɓa shan nonon kowa ba ta wanke uwata cikin 'yan mintoci, ni kuwa na shekara talatin ban yi ba. Inna ta tashi ta ɗebo mini ruwa a randa, ta ajiye a ƙasa kusa da ƙafata. Sai a lokacin na lura, tun ranar da na ture kwanon nan ba ta ƙara miƙo mini ruwa a hannu ba.