Haruffan Malam Inusa a Bakin Iyaka

A da, kullum da safe za ka tarar da Malam Inusa a gindin bishiyar bedi kusa da tashar Jibiya, yana jera gwangwanayen fenti da rula da murfin kwano. Rubutun allon shago ne sana'arsa. Da murfin kwanon yake zagaye harafin O, da rula yake miƙe sauran. Haruffansa masu kauri ne, ba jela ba ƙawa. In ya gama allo, sai ya roƙi direban Maraɗi ya ɗauke shi a gaban tirela su wuce ta wurin. In bai karantu daga can sama ba, ya shafe ya sake. Mun sha yi masa tsiya kan wannan, har da ni.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wata Kirista 'yar Magama mai suna Amarya ta kife tukwanen burukutunta, ta koma tuwon sayarwa. To amma rumfarta ta riga ta yi suna, ba mai son a gan shi a ciki. Tuwo ya yi ta kwana, ga marayu a gabanta, har ta fara ɗaure kaya za ta koma ƙauye.

Ta zo wurin Inusa ya yi mata allo. Wasu suka ja shi gefe, wai kada ya ɓata sunansa. Ya ce, "Haba jama'a! Ta bar abin da anka hana, sannan mu kore ta?"

Ita kuwa rubutu mai furanni take so, irin na bayan mota. Ya ce, "Amarya, direba kallo guda shika yi ya wuce. Bari in yi miki wanda za shi gani."

Ya rubuta TUWO DA MIYA, baƙi a kan rawaya. Da ya sauko daga tirelar gwaji bai tafi gida ba. Ya zauna ƙarƙashin allon da rana tsaka, da hularsa da carbinsa, ya ce a zubo masa. Direban ya zauna gefensa, 'yan dako suka biyo. Wallahi da idona na gani. Amarya ta kwance kayanta.

Malam Inusa, kai ne ka koya mana cewa ba ado ake nema a allo ba, a gane mai shi ake so. Bana ciwon ido ya sa ka ajiye burushi. Mun gode, Allah ya saka maka. Masu tasowa a sana'ar nan, ku hau tirela ku duba aikinku kamar yadda ya yi.

Jiya na raka shi tasha, yana riƙe da hannuna. Ya tsaya ya nuna rumfar Amarya, cike da mutane. Ya ce, "Fuskarka ba ni ganinta sosai. Amma wancan, daga nan ina karanta shi."